Rigar Gawa a Kashi na Bakwai

Fumino jikata,

Damina ta sauka, shinkafa ta yi kore. Ina fatan Tokyo ba ta ƙarar da ke ba.

Ranar Lahadi na tara garin nan a ɗakin taro don a kalli fim ɗin zanenku a talabijin, kashi na bakwai da kika ce ke kika zana rawar bikinmu na Obon. Har na sa aka jero kujeru. Sai ga yarinyar fim ɗin ta fito sanye da rigar biki ta yukata, an naɗe dama a kan hagu, yadda ake naɗe gawa! Tomezo mai kifi ya ce, "Inokichi, jikarka ta kashe yarinyar mutane, ga shi har tana rawa." Aka fashe da dariya. Ni da ake tambaya yadda ake komai a bikin nan, ta ƙofar baya na fita.

Ban yi makaranta ba, amma ban taɓa sa wa mai rai rigar matacce ba. Wa ya rene ki?

Ki riƙa cin abinci.
Kakanki, Inokichi

Kaka,

Ina gaishe ka da girmamawa. Yaya gwiwarka?

Daidai na zana ta. Da lokaci ya ƙure, aka juya hoton kamar a madubi don yarinyar ta fuskanci mai ganga, rigar ta juya da ita. Ni aka ba dubawar ƙarshe, ban gani ba. Na roƙa a bar ni in sake zanawa kafin a fitar da faifan sayarwa, an yarda.

Bana ba zan zo bikin Obon na tunawa da magabata ba. Ba ni da idon da zan kalli mutanen gari. Ka gaishe mini da kabarin Kaka mace.

Ka yafe mini.
Fumino

Fumino,

Zafi ya yi yawa, faifanki ya iso. Na'urar kallonsa ɗaya ce a unguwar nan, kin san gidan wa. Na yi ta kai da kawowa a ƙofar Tomezo kamar ɓarawo, sannan na rusuna na roƙe shi. Ya ce, "Au, yau za a tashi gawar?" Na haɗiye maganar.

Muka kalla. Hagu a kan dama, yadda masu rai ke naɗawa. Na sa ya tsayar, ya koma baya, ya sake. Ya ce ya gani. Na ce bai gani ba, ya kira matarsa da maƙwabta. Sai da kowa ya faɗa da bakinsa na tashi.

Kabari ba ya karɓar saƙon gaisuwa. Na rusuna wa mai kifi saboda ke, ba zan yi shi a banza ba. Ki hau jirgin ƙasa na safe, zan tsaya a tasha.

Kakanki