Boris ɗin da Marigayi Ya Sa da Hannunsa

Assalamu alaikum Anti Suwaibatu. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da rubutuna, a firamare na tsaya.

Maigidana ya rasu wata takwas ke nan. Direba ne, yana da Fijo ta haya, shekara goma sha ɗaya yana lodi tsakanin Nguru da Gashuwa. Ba hatsari ya yi ba, ciwon ƙoda ne. Saura sati biyu ya kwanta, ya canza boris na ƙafafun gaba, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, da hannunsa a cikin gida, don ba ya yarda kowa ya taɓa masa ƙafar mota. Ni na riƙe masa gwangwanin giris, ni na zuba masa kananzir ya wanke hannu. Daga wannan bai sake wani aiki ba.

Da na shiga takaba dangi sun so a fitar da motar, na ƙi. Aka rufe ta da tampol inda ya bar ta. Takabar ta faɗo a damina, unguwarmu kuma tana riƙe ruwa. Ruwan ya kwanta har ya haura rabin taya, kusan sati uku. Babu wanda ya yi tunanin a ɗora ta a kan duwatsu, ni ma ban yi ba.

Bayan rabon gado motar ta faɗo wa yara, ƙanin mijina Alamin yake ja. Ranar da na raka 'yata makaranta a Gashuwa, tun kafin mu kai Jajimaji nake jin wani kugi a ƙafar hagu ta gaba. In an taka mai ya ƙaru, in an sha kwana ya canza murya. Da muka isa Alamin ya taɓa wurin, ya janye hannu saboda zafi, ya sayi ruwan leda biyu ya watsa.

Na sa muka biya wajen Cosmas, wani bakanike kusa da tasha. Ya ɗaga motar da jak, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, tana ƙwas-ƙwas. Ya ce boris ya mutu, a canza duka ɓangarorin biyu. Sai ya ƙara da cewa wanda ya sa shi ya matse noti fiye da kima. Bai san waye ya sa ba. Na koma cikin mota na zauna.

Alamin ya ce a cika masa giris a ci gaba, haka kowa yake yi a tasha, Cosmas kayansa yake son sayarwa. Na goyi bayansa, amma ba don na yarda da shi ba. Ba na son a cire abin da marigayi ya sa, kuma in na yarda da maganar Cosmas kamar na yarda marigayi bai iya aikinsa ba ne. Yau sati uku motar tana ɗaukar mutum tara, zuwa da dawowa. Kullum in ta fita ina iya jin kugin daga tsakar gida, ko kuwa kunnena ne, ban sani ba. Yaya zan yi?

'Yar'uwarki daga Nguru

*

Wa alaikumus salam 'yar'uwata. Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki haƙuri.

Zan fara da abin da ba ya jira. Daga ranar da kika karanta wannan, kada motar nan ta sake ɗaukar fasinja. Na kai wasiƙarki wajen bakaniken da ke duba motata, dattijo ne. Ya ce boris da ya kai ga kugi, da zafi, da girgiza, yana iya kamewa a kan gudu, ko ƙafar ta fice gaba ɗaya. Watsa masa ruwa ɓoye zafin kawai yake yi.

Alamin ba mugu ba ne, shi ma a ciki yake zaune. Dabararsa tana aiki in boris bushewa kawai ya yi aka kama shi da wuri. Naku ya wuce nan. Giris ba ya cike ramin da tsatsa ta ci a ƙarfe.

Shi kuma Cosmas ya yi daidai a kan ciwon, amma ina shakkar ya yi daidai a kan dalili. Ya ga sakamako ya yi hasashe, domin babu wanda ya gaya masa motar ta yi sati uku a ruwa. Dattijon nan ya ce hakan kaɗai ya isa ya kashe sabon boris, ko wane ne ya sa shi. Ki gaya wa Cosmas. Kada kuma ki juya laifin kanki. Mace a cikin takaba ba ƙafar mota take tunani ba, maza nawa suka wuce ta gaban motar ba su ce komai ba?

A canza duka biyun, tunda ruwa ɗaya suka sha. Kowace ƙafa akwai na ciki da na waje, da zoben da suke gudu a kai, da robar da ke hana ruwa da yashi shiga. A sayi sababbi a kwali, ba kwancen wata mota ba. Ki je da kanki ko ki tura wanda kika yarda da shi. Tsofaffin naku ne, ki ce a wanke a ba ki.

Alamin kuma ki kira shi gida, ki faɗa masa ke kika canza shawara, don kada ya ji an kunyata shi a tasha. Aikin bai fi na yini ɗaya ba. Allah ya tsare hanya, ya raya miki yara.

Anti Suwaibatu