Ranar da Na Yi Magana a Ajin Sifaniyanci

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko da ke sauka a busasshiyar ƙasa har ƙamshinta ya tashi. Zuwa ga wadda muryarta ta fi kukan tsuntsayen safiya daɗi a kunnena, wadda fushinta ma ya fi murmushin wasu kyau. Sallama irin ta mai kewa, da fatan kina lafiya, ke da Yaya da maigidanta da yaran.

Wayarki a kashe take tun ranar da kika haɗa kayanki kika bar ɗakin kwanan ɗalibai kika koma gidan Yaya, shi ya sa na koma ga biro da takarda. Na je shagon mijin Yaya na roƙe shi ya kawo miki wannan. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce, "Idan kuka za ta sa ta, riƙe abarka." Na ce masa ban san abin da za ta sa ki ba, amma gaskiya zalla zan rubuta. Ya ce to in kawo.

Abar ƙaunata, tunda kika tafi abinci ya fita daga raina. Ba ciwo nake ba, ƙyama ce. Na kan sa abinci a gaba in tuna wancan hawan benen, da wancan ajin, da wancan mutumin, sai in ture kwanon. Wane irin wuri ne wannan da zai kori fure ya bar kwata? Wace irin makaranta ce za ta ga zuma da ƙuda a kai, ta zubar da zumar ta lallashi ƙudan?

Kin tuna yadda muka faɗa cikin kwas ɗin nan? Kwaleji ta ce ba mai kammalawa sai ya ɗauki harshen waje guda. Ke kina sashen jinya, ni ina sashen lantarki, lokutanmu ba sa haɗuwa ko kaɗan, sai Sifaniyancin 'yan koyo ne kawai ya faɗo a sa'ar da mu duka ba mu da darasi. Kika ce, "Ko yaren tsuntsaye ne zan koya, in dai benci ɗaya za mu zauna." Na shiga ne don ke, ban ɓoye ba. Ke kuwa cikin mako kaɗan kika kamu da son harshen da gaske, kina gaishe da ni da shi, kina ƙirga matakala da shi, kina cewa wata rana za ki yi jinyar wanda ba ya jin komai sai shi.

Akwai yammacin da ba zai taɓa fita daga raina ba, a gindin bishiyar nan ta bayan ɗakin karatu. Kina koya mini bambancin pero, wato amma, da perro, wato kare. Ke harshenki na kaɗa harafin kamar ƙorama tana gangara kan tsakuwa, ni kuwa duk sanda zan ce amma sai in kira kare. Na yi ta kira, na yi ta kira, har karen mai gadi ya taso daga inda yake ya zo ya kwanta a gabanmu yana kallona. Kika yi dariya har littafin ya zame daga cinyarki, hawaye na bin kumatunki kamar raɓa a ganye. A ranar na ce a raina, ya Allah, idan wannan dariyar ce rabona a duniya, ta ishe ni.

To dubi inda aka kai wannan dariyar. Ajin can ƙarshen baranda a saman bene, bango ɗaya da banɗaki, bututu na yoyo har bangon ya yi kore. Fanka ta mutu tun kafin mu zo, ƙudaje na shawagi a kan allo, ƙasan kowane benci cingam ne da aka tauna aka liƙa. Da farko ina ganin wannan ce ƙazantar wurin. Ashe wannan mai sauƙi ce, ruwa da sabulu sun ishe ta. Babbar ƙazantar da ƙafarta take shigowa, da jaka a hammata: malamin ajin.

Ina rubutu ina jin warin turarensa, mai hawa kai, wanda yake zubawa a kan gumin jiya. Ina ganin dogon farcen ƙaramin yatsansa, wanda yake sosa kunne da shi sannan ya ɗora shi a kan littafin mutum yana nuna kuskure. Ina ganin yadda yake lasar yatsa kafin ya buɗe shafi, da farin yawun da ke taruwa a gefen bakinsa idan ya zo kan harafin da ake kaɗawa. Mu maza sunanmu a wurinsa "kai na baya" ko "kai mai jar riga". 'Yan mata kuwa kowacce sai da ya raɗa mata suna mai zaƙi. Ke ya ce Paloma, wai kurciya. Tun kafin in san shi nake kiranki kurciyata, amma daga ranar da sunan ya bi ta bakinsa na daina, kamar yadda ake barin ruwan da ƙadangare ya faɗa.

Sai ranar darasin sassan jiki. Yana da hoto a littafi, yana da allo, yana da alli, amma ya ce ki fito gaban aji. Na yunƙura zan tashi, kika kalle ni kika girgiza kai, na koma na zauna ina cizon leɓe. Ya ɗauki biro yana nuna idonki, aji na maimaita ojos. Ya nuna bakinki, aji na cewa boca. Ya sauko wuyanki, ya tsaya a nan ya daɗe, samarin baya suna fito suna buga benci. Kina tsaye kamar wata a tsakiyar hayaƙi, idonki a ƙasa, hannunki na murza gefen mayafinki. Da muka fito kika ce da ni, "Ƙyale shi, zango ɗaya ne, mu ci mu wuce." Haƙurinki ya fi kogi faɗi, masoyiyata, shi kuwa ya ɗauka mashaya ce ya samu.

Ranar jarrabawar baka ta tsakiyar zango ina baranda ina jiran layina sanda kika fito daga ofishinsa. Ba ki ko kalle ni ba, kika sauka da sauri, na bi ki. Na same ki a famfon ƙasan bene kina dirzar haɓarki da ruwa, kina dirza, har wurin ya yi ja. Kika ce, "Ya kama mini haɓa, wai zai gyara mini lafazi. Ya ce makin yana hannuna idan na san hanyar gidansa. Na buge hannunsa na fito."

Sauran kin fi ni sani. Sakamako ya fito, ke da kika fi kowa a ajin aka ce kin faɗi. Kika je wurin shugaban sashe, ya saurare ki yana duba waya, ya ce, "Ai shi haka yake, mutum ne mai raha. Ke ma ki dinga kula da yadda kike murmushi." Ƙawarki ta ɗaki, wadda kuke cin abinci kwano ɗaya, ta ce ki je ki ba shi haƙuri a wuce wurin. Ki ba shi haƙuri! A kan me? A kan kin hana shi taɓa fuskarki? Ban ga laifinki ba da kika tattara kika tafi. Wa zai zauna a ɗakin da mushe yake, ana ce masa hancinsa ne ke da matsala?

Yanzu ga abin da ba ki sani ba, wanda ya sa na ɗauki biro.

Na ci gaba da zuwa ajin, ba don ina so ba, don dai in ga iyakar abin. A makon da ya wuce ya koya mana cewa harshen yana da hanya biyu ta faɗin yadda abu yake. Idan halin na ɗan lokaci ne, kamar riga ta yi datti a wanke, sai a ce está. Idan kuwa halin jinin abu ne, haka aka san shi, sai a ce es. Yana gama bayani ya ce yana son misali mai rai, ya kira yarinyar nan mai tabarau da ke zama a gaba, wadda ko gaisuwa da ƙyar take ɗaga murya. Ta fito. Ya ɗauki biron nan, ya fara zagaya ta yana murmushi, yana tambayar wa zai siffanta mana ita.

Na ɗaga hannu. Ya ce, "Kai na baya." Na miƙe, na dube shi ido cikin ido, na ce, "Usted es sucio." Ma'ana, kai ƙazami ne. Kuma ban yi kuskuren kalma ba, wadda ba ta wankuwa na zaɓa.

Fuskarsa ta kumbura, yawun gefen bakinsa ya ƙaru, ya nuna mini ƙofa yana cewa sai na maimaita shekara, sai ya ga bayana a kwalejin. Ina tattara littattafaina sai Inna ta miƙe. Kin san ta, dattijuwar nan da ke koyon harshen don ta dinga hira da jikokinta na ƙasar waje. Ta taka a hankali zuwa gaban aji, ta kama hannun mai tabarau, ta ce, "Zo mu tafi, 'yata, nan ba wurin karatu ba ne." Suka fita. Mata suka dinga tashi ɗaya bayan ɗaya suna bin su. Maza kuwa, ban da mutum biyu ko uku, suka zauna daram suna sunkuyar da kai. Abokin nan nawa da muke aron juna littafi ya biyo ni daga baya yana cewa, "Haba, a kan mace za ka lalata karatunka?" Na kalli bakinsa na ji kamar na taka wani abu da ƙafa babu takalmi. Tun ranar ban sake zama kusa da shi ba.

An kai sunana ofishin ladabtarwa, wai na zagi malami. Na kira Baba na faɗa masa komai. Ya ce, "Da Sifaniyancin ka faɗa masa?" Na ce e. Ya ce, "To ashe dai kana karatun." Daga nan ya ce in tsaya a kan gaskiya, ko shekarar za ta tafi ta tafi.

Inna ba ta bi ta kan shugaban sashe ba. Ta kwashi matan nan ta kai su ofishin mataimakiyar shugaban kwaleji, ta zauna ta ce ba ta tashi sai an saurare su. An saurare su. An kafa kwamiti, zai zauna ranar Alhamis da safe. Duk za su faɗi abin da suka gani a aji, ni ma zan faɗa. Amma abin da ya faru a ofis, bayan an rufe ƙofa, ke kaɗai ce kika fito kika faɗe shi. Akwai wasu na shekarun baya, Inna ta neme su, suka ce tsoro suke ji. Shi kuwa yana yawo yana cewa kin faɗi jarrabawa ne kika ƙulla masa sharri, da gaskiya gare ki da ba ki gudu ba. Da na ji wannan sai da na fita waje na tofar da yawu.

Hasken raina, ba zan ce dole ki zo ba. Ni ba haɓata aka kama ba, ba ni zan zauna gaban baƙin fuskoki in maimaita abin da ko tuna shi ke tayar da zuciya ba. Na san za a yi miki tambayoyi masu wari, na san akwai wanda zai kalle ki a karkace. Amma ina roƙonki, roƙon ƙasa ga hadari, ki duba. Shekara guda ta rage ki sa farar rigar jinya. Hannun nan naki an yi shi ne don ya sanyaya goshin marar lafiya, yaya za a bar mai farcen kunne ya naɗe shi? Ga kuma mai tabarau, wadda kullum sai ta tare ni ta tambaya, "Yaya za ta dawo kuwa?" Ban san lokacin da kika zama yayarta ba, amma haka take kiranki.

Kewarki ta hana ni sakat. Bishiyar bayan ɗakin karatu ta zama itace kawai, baranda ta yi tsawo, rana ta yi nauyi. Ina tafiya in ji takun da ya yi kama da naki, in juya, in ga ba ke ba ce. Har yaushe tauraro zai ɓuya don hayaƙin juji ya tashi?

Ranar Alhamis da sassafe zan zo ƙofar gidan Yaya in tsaya. Ba zan buga ba, ba zan aika a kira ki ba. Idan kika fito da takalmin tafiya, sai mu kama hanya tare, in raka ki har bakin ɗakin kwamitin, Inna na ciki tana jiranki. Idan kuma kika fito da silifa, sai mu gaisa, ki ba ni ruwa in sha, in tafi in faɗi nawa, in dawo in ba ki labari. Ko wanne kika sa, ƙafar da nake so ce a ciki.

Naki a yau, naki idan an kore mu tare, naki idan mun kammala tare, naki har gashin kanmu ya yi fari,

Mai kiran kare a maimakon amma.