Ƙodar da Ban Iya Ba Ki Ba

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ƙanwa ga yayarta, ina rubuto miki daga ɗakinmu na unguwar Maamobi, wata bakwai da rasuwarki.

Ranar da likita ya ce ƙodojinki duka biyun sun gaza, mun hau motar haya ta trotro daga tashar Circle. Kafin mu sauka na ce tawa zan ba ki. Kika ce in bari mu isa gida tukuna.

Jininmu ya zo ɗaya, har na fara haɗa kayan asibiti. Sai gwaji na biyu ya nuna hawan jini ya daɗe yana cin ƙodata a ɓoye. Likita ya ce in ya dasa miki wadda ta riga ta gaji ba za ta kai ki ko'ina ba, ni kuma zai bar ni da guda ɗaya mai rauni. Shekara nawa ina fama da ciwon kai, kina cewa in je a auna ni, ina ce miki aikin ɗinki ya yi mini yawa?

Sai mahaifiyarmu Mma ta miƙe ta ce a gwada tata. Ta haura sittin, amma aka same ta lafiya lau. Likita bai ɓoye mana komai ba: ƙodar dattijuwa tana aiki, sai dai ba ta kai ta matashiya ƙarko ba. Mma ta ce, "Ko shekara ɗaya ce, ku ba ta."

Aka dasa miki ƙodar Mma, shekara huɗu ta riƙe ki. Kika koma gaban tukunyar waakye, shinkafa da waken da kike sayarwa a unguwar Nima, kika aurar da 'yarki Zainabu, kika yi rawa har ɗankwalinki ya faɗi. Daga baya ƙafafunki suka sake kumbura, aka koma wankin ƙoda, jikinki bai ɗauka ba.

Yayata, ko sau ɗaya ba ki ɗora mini laifi ba. Ni nake ɗora wa kaina. Mma kuwa, in ta shafa tabon gefenta, sai ta ce da ta san za ki buƙace ta, da ba ta yi saurin tsufa ba. Sai in riƙe mata hannu.

Ina shan maganina kullum yanzu, ba na fashi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa jinyarki ta zama kaffara. Ya bar mana Mma.

Ƙanwarki,
Hadiza