Mesar Inna Ta Zaɓe Ni

Zuwa ga yayana Manzo, a Kano.

Gaisuwa mai yawa da kewa. Allah ya sa takardar nan ta same ka da ƙarfinka, kai da iyalinka. Mu nan Guci da sauƙi, yara lafiya, gero ya fito. Tun da basasarku ta lafa nake neman mai zuwa, sai yanzu fatake suka tashi, Malam Hammadu ya taimaka ya rubuta mini.

Yaya, na gaji, kuma zancen Inna ne. Ka san gadon gidanmu tun kakanninmu arna. In damina ta yi jinkiri, Inna takan fito da mesar nan daga tulu, a ba ta nono a gindin tsamiya, ta naɗa ta a ƙugu, masu garaya su kaɗa, ta yi ta juya ciki da kwankwaso har mesar ta bi rawar. Mutanen garin nan duk masu salla ne, amma in sama ta ƙi, sai su manta masallaci ya fi tsamiya kusa.

Bana ruwa ya ƙi. Dattawa suka zo suka tsugunna, Inna ta miƙe da ƙafafun nan da ko rijiya ba sa kai ta. Na hana, ta ce ni yaushe aka haife ni. Rawa ba ta yi nisa ba nauyin mesar ya kayar da ita. Maza suka watse kamar kaji, har da masu gemu. Ni da nake gudun abin nan tun ina yarinya, ni na sunkuya in raba ta da jikin tsohuwa. Sai ta bi hannuna ta naɗe mini ƙugu. Masu garaya ba su tsaya ba, kuma wallahi ƙugun nan ya motsa ban aike shi ba.

Mijina Hudu yana cikin taron. Bai yi faɗa ba, ya dai ce in zaɓa, ko ɗakinsa ko tulun, kuma tun ranar bai ci tuwona ba. Inna tana kwance, kwankwaso ya goce, ba ta da tambaya sai ko an ba mesa nono. Ni ke jinya, ni ke daka, ni ke kai nonon.

Ka zo, Yaya. Kai ne namijin gidan, in ka ce a kai mesar daji a sake ta, za a ji. Ni bakina ya mutu. Ranar rawar na shiga ɗaki na roƙi Allah kada ya saukar da ruwa, ko a ce tsafin ya ƙare a ƙyale ni da aurena. Kafin la'asar hadari ya haɗu, aka yi ruwan da ya cika tafki. Gari na guɗa, ni ina kuka. Yanzu ko yara ba sa kiran sunana, sai Uwar Mesa.

Ka gaishe mini da matarka Huraira, da ɗanka Zakari, da Baba Tamu. Inna ma tana gaishe ka. Ta ce in za ka zo ka taho mini da sabon tulu, na yanzu ya yi wa mesar kaɗan.

Ƙanwarka,
Hinda