Gonar Inabi a Bakin Teku

Assalamu alaikum Yaya Asabe,

Ya jikin naki, ya yara da jikoki? Mu nan Kubwa lafiya lau.

Da na je wajen ɗana Sani a Afirka ta Kudu, ya kai ni wata gona. Yaya, ikon Allah! Inabi ne layi-layi daga gindin dutse har bakin teku, ido bai ganin ƙarshensa. Mai gonar ya tsinko min, na ci, na ƙulle saura a bakin zani. Na ce, "Sani, wace kasuwa ke cinye wannan?" Ya ce, "Inna, giya ake yi da shi."

Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Don Allah ki tambayar min Malam ko da laifi a kaina, don har yau zaƙinsa na bakina.

A sa mu a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙanwarki, Ladi