Gafakar Malam ta fi ƙarfin ƙuguna

Hajiya Aishatu, don Allah ki taimake ni, 'yata. Ni ban yi karatu ba, maƙwabciyata Zakiya ke rubuta mini, ita ce ma ke karanta mana filinki in jarida ta iso Jidda.

Da ƙafa muka zo ƙasar nan, ta Sudan muka biyo, ni da maigidana Malam Rafi'u. Shekara tara ke nan da rasuwarsa. Ba ɗa, ba iƙama, wato takardar zama. Kowace shekara nakan bi mutanenmu ta hanyar duwatsu in shiga Makka aikin Hajji, ƙunshina a ka. Ba na barin komai a ɗaki, don in aka kama mutum, da abin da ke jikinsa ake sa shi a jirgi. Ƙunshin, bargo ne, da tukunya, da likkafanina da na wanke da zamzam, sai Alƙur'anin da Malam ya rubuta da hannunsa, cikin gafaka. Shi ya fi komai nauyi.

Bara na zame a kan dutse, ƙuguna ya karye, wata biyar ina kwance. Yanzu da sanda nake takawa. Likita ya ce shi ke nan, ni da ɗaukar kaya mun rabu. Zakiya ta kawo mini 'yar jakar goyo, gafakar ta ƙi shiga. Ko harafi ɗaya ban sani a ciki ba, amma shi kaɗai ya rage mini. In na bar shi aka kama ni fa? In na ɗauka na sake faɗuwa inda ba wanda ya san sunana fa? Tsoro nake ji.

Tsohuwa, Unguwar Waziriyya, Jidda

Iya, Allah ya ji ƙan Malam, ya ƙara miki sauƙi. Tsoronki duka biyun gaskiya ne, amma na faɗuwar ya fi kusa. Hanyar duwatsu ki haƙura da ita, kin sauke farali tuntuni, ƙugu kuwa ba ya karyewa sau biyu ya gyaru.

Duk inda za ki fita, jakar nan ta isa: ruwa, magani, dabino, likkafanin in ranki ya fi kwanciya da shi. Zakiya ta rubuta sunanki da lambar wayarta a ƙyalle, ta ɗinke a jikin jakar.

Alƙur'anin kuma, Malam ya rubuta shi ne don a karanta. Ki ba Zakiya amanarsa, da sharaɗin in aka mayar da ke gida ta aiko miki. Kafin nan, kowace Juma'a ta buɗe ta karanta miki shafi ɗaya. Shekara tara kina ɗauke da shi a ka, Iya. Yanzu ki zauna ki saurare shi.

Allah ya ba ki lafiya da natsuwa.