Irin Maiwar Baba

Talata da dare, Ƙauran Namoda.

Na dawo daga Zurmi, barci ya ƙi zuwa. Laifina ne da na nuna wa Baba aikina a kwamfuta, hasashen yadda tekun kudu mai turo mana iskar damina zai yi zafi nan gaba. Bai taɓa ganin teku ba, amma ya daɗe yana kallon ja yana cinye shuɗi a taswirar.

"To, ruwan zai riƙa kai maiwa ta nuna?"

Na ce Allah ne masani. Ban faɗa masa abin da na gani ba, cewa damina za ta riƙa gajarta.

Da zan taho, ya zaro zangarniyar iri daga rumbu. "Ajiye wa 'ya'yanka."

Ga ta nan kan tebur. Na kasa kashe fitila.